Tirelar Kawu da Farar Waya

Tirelar dawakin Kawu ta girme ni. Daga Ingila aka kawo ta tun zamanin da, ta yi yawo a hannun 'yan folo na Kaduna, sannan ta faɗo gidanmu da ƙofa ɗaya mai ƙara da fitilu masu ra'ayin kansu. In aka taka birki, siginar dama ce ke amsawa. In aka ba da siginar hagu, duk fitilun baya sai su shiga ƙyaftawa tare, dishi-dishi, kamar gidan biki da janareto ya kusa shanye mai.

Ana jajibirin Sallah Kawu ya ce dawakinsa Kili da Akawal za su shiga Kano don Hawan Daushe, kuma tafiyar dare za a yi. Ya dube ni ya ce, "Kai da ka yi boko, ba ka iya gyara wannan 'yar wutar?" Na ce, "Kawu, ai wutar batir ce, bolt 12 kacal, ko yaro ba ta kayarwa."

Na buɗe YouTube na sami wani Ba'amurke mai gemu a ƙarƙashin tirelarsa. Ya ce rawayar waya ta hagu ce, koriya ta dama, kuma kowace ita ke ɗauke da sigina da birkin ɓangarenta, mai ruwan ƙasa kuma ta fitilun dare. Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar Amurka. Soket ɗin Ingila mai ƙafa 7 ya ware wa birki jar waya tasa shi kaɗai, ya ba fitilar dare ta hagu baƙa, ta dama mai ruwan ƙasa. Mai gemu bai ambaci ja ba, ni ma sai na ɗauke ta baƙuwa ce, na sa filaya na datse ta.

Da na kutsa ƙarƙashin tirelar ma, launin bai wuce taku biyu ba. Duk mai gyaran da ya riga ni ya yi ƙari da abin da ya samu: wayar fanka, wayar rediyo, har da wata da na rantse daga dutsen guga aka ciro ta, kowace an naɗe ta da baƙin salatif da zafi ya mayar danƙo. Inda salatif ya ƙare ɓeraye sun ɗora, domin dusar da dawaki ke zubarwa ta mai da wurin gidan abincinsu. Na haɗa wannan da waccan bisa tawakkali, na ƙwala wa direba kira, "Taka!" Ya taka. Fis ya ce ɗas.

Direba ya ce wannan ƙaramin abu ne, ya naɗe fis ɗin da takardar azurfar kwalin sigari. Shi fis an yi shi ne don ya ƙone a madadin waya. Da aka hana shi aikinsa, sai waya ta karɓa. Hayaƙi mai warin roba ya taso, Akawal da aka riga aka shigar don ya saba da wurin ya yi haniniya ya maka wa bango ƙafa, tsatsar shekara da shekaru ta zubo mini a fuska. Ban gama tofarwa ba ya saki fitsari, katakon ƙasan kuwa duk rami ne. Kawu ya leƙo ya ce, "Injiniya, ruwan sama ake a ciki?"

Bayan Isha'i aka kira mai riwaya, shi kuwa ya turo yaronsa, wanda ko gashin baki bai fara ba. Yaron bai kalli wayoyina ba. Ya kunna tocila ya bi farar waya har inda aka ɗaure ta da noti a jikin ƙarfen tirela, daidai inda Akawal ya yi mini wanka. Notin ya zama dunƙulen tsatsa. Ya ce, "Yallaɓai, ta nan wuta ke komawa batir. In hanya ta toshe, sai ta bi ta cikin kwan fitila. Kwan baya zare biyu gare shi, na birki mai wat 21 da na dare mai wat 5, to ta ƙaramin take ratsawa ta shiga sauran fitilun." Fitsarin doki ne ya ci wurin a hankali.

Ya kwance notin, ya kankare ƙarfen da sanfefa har ya yi fari, ya ɗaure, ya shafa giris. Sauran daren kuwa ya tafi ne wajen mayar da jar waya da sake wadda ta narke, yana yi yana tambaya, "Wane ne ya yi wannan aikin?" Kawu ya ce wani injiniya ne daga Amurka.

Dawaki sun yi hawa lafiya, kuɗin fis da na waya kuma a goron Sallata aka cire. Har yanzu in za a gwada fitilun ana kirana, amma aikina shi ne in zauna gaba in taka birki idan an ce taka.