Masu Ciwon Launi a Teburin Foka

A shekarar 2003 wani akanta daga jihar Tennessee mai suna Chris Moneymaker ya lashe babbar gasar kartar foka ta duniya a Las Vegas, ya koma gida da dala miliyan 2.5. Nan take magidantan Amurka suka ce ashe abin bai fi ƙarfin kowa ba. Aka fitar da mota daga gareji, aka kafa tebur mai koren mayafi, ana gayyatar abokai daren Juma'a. A gasar foka ba a ɗora tsabar kuɗi kan tebur. Kowa ya biya kuɗin shiga sai a ba shi tulin kwandaloli masu launi-launi, kowane launi da darajarsa, a yi ta bugawa har mutum ɗaya ya kwashe duka. Hukuncin caca dai kowa ya san shi. Mu yau kallo muka zo, kallon mutanen da kartar ta zame musu hujja kawai, suna wahala a kan launin kwandala fiye da yadda ƙawayen amarya ke wahala a kan anko.

Akwai Ɗan Gargajiya. A wurinsa fari ɗaya ne, ja biyar, kore 25, baƙi 100, shunayya 500, magana ta ƙare. Zai gaya maka haka dokar jihar New Jersey ta tsara wa gidajen cacar Atlantic City, kuma gaskiyarsa, sai dai yadda yake faɗa sai ka rantse da shi aka rubuta ta. Kada ka tuna masa cewa jihar Nevada ba ta ɗaure kowa a kan launi ba, har a Las Vegas ana samun kwandalar dala ɗaya shuɗiya. Ranar baƙin cikinsa ita ce ranar da aka zo masa da baƙo daga Kalifoniya, inda aka saba ganin dala biyar ruwan ɗorawa, dala ɗari kuma fara. Duk da taurin kansa, a teburinsa ba wanda ke tambayar "wannan nawa ce?"

A gidan Sarkin Ado kuwa tambayar ke nan daga farkon dare har ƙarshensa. Shi wannan ya ji cewa akwai wani kamfani, Classic Poker Chips, da ke buga wa mutum kwandala yadda ya zana ta: launin jiki, ɗigon da ke gefe, hoton tsakiya. Sai ya shafe watanni yana haɗa launuka a kwamfuta don su dace da labulen ɗaki. Ta 25 ruwan toka, ta 100 ruwan toka mai duhu, ta 500 ruwan ƙasa, ta 1,000 wani launi da shi kaɗai ya san sunansa. A hoto, cikin hasken rana, abin sai wanda ya gani. Amma wasa da dare ake yi, ƙarƙashin ƙwan lantarki guda, kuma ɗan wasa gefen kwandala yake hangowa daga can ƙetaren tebur. Sai ta 500 ta laɓe cikin tulin 100, wani ya tura kuɗin da bai yi niyya ba, rigima ta kaure. Ga shi kusan namiji ɗaya cikin goma sha biyu a tsakanin Turawa ba ya rarrabe ja da kore sosai, balle toka da ƙanwarta. In an yi ƙorafi, Sarkin Ado ya ce mutane ne ba su da ido.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Magajin Matattu. Ba ya son sabuwar kwandala, sai wadda ta yi aiki a gidan cacar da ya mutu. Yana da guda daga Dunes da aka rushe a 1993, guda daga Sands da aka rushe a 1996, ya sa su a gilashi. Tun ƙarshen shekarun 1980 dokar Nevada ta ce a lalata kwandalolin da aka daina amfani da su, shi ya sa samun ɗaruruwa iri ɗaya sai an bi dillalai da gwanjon gidajen da suka rufe a wasu jihohi. Burinsa ƙirar Paulson, mai tambarin doguwar hula da sanda a zagaye, wadda kamfanin ya daina sayar wa mutanen gida. In sun iso, ya zauna da buroshin haƙori yana cire dauɗar hannun dubban mutanen da bai sani ba, ya shafe su da ɗan mai, ya jera kan tawul su sha iska.

Matsalarsa ita ce launi ba shi ya zaɓa ba, mamacin ne ya zaɓa. Gidan caca jajayen dala biyar yake tarawa jibgi, masu 500 da 1,000 kaɗan ne, gasa kuwa su take ci. Dole ya nemo na wani gida, ya kankare tsakiyarsu ya manna sabuwar lamba. 'Yan uwansa masu tarawa kisan kai suke kiran wannan aiki, kuma ba da wasa suke faɗa ba. Bayan duk wannan, kada ka kuskura ka ci soyayyen dankali a teburinsa.

Mai Sikeli ba ruwansa da launi. Faɗi milimita 39, nauyi wajen giram goma, shi ke nan. Ka nuna masa akwatinka na kanti mai giram 11.5 kana taƙama da nauyinsa, ya ce maka roba ce aka cusa wa ƙarfe, ya saki biyu kusa da kunnenka ka ji ƙara.

Sai Akawu. Ya lissafa cewa kowane ɗan wasa zai fara da takwas na 25, takwas na 100, huɗu na 500, bakwai na 1,000, jimla 10,000, mutum goma kwandala 270. Lissafin daidai ne, amma dubbai ne jibge a ɗakinsa, wai ko za a yi baƙi. Lokacin da ya fi so a dare shi ne sa'ad da wasa ya yi nisa, za a janye ƙananan kwandaloli a musanya su da manya. Nan zai tsayar da kowa ya ba da labarin gasar duniya ta 2006, wadda Jamie Gold ya ci, inda wajen irin wannan musanya aka yi kuskuren ƙara kwandaloli na sama da miliyan biyu cikin wasa. Duk wata sai sun ji labarin nan.

Shi kuwa Sai Na Duba, samfuri yake saye, ɗaya daga nan ɗaya daga can, yana jerawa yana tambayar matarsa ruwan goro ko ruwan hoda. Har yau bai kira gasa ko ɗaya ba.

Dukkansu maƙiyinsu ɗaya ne, kuma su suke gayyato shi da kansu. Surukin wani ne, ko abokin aiki, wanda bai san Paulson daga murfin kwalba ba. Ya zo da hannu duk maiƙo, ya gauraya launuka a tuli guda, ya tambayi darajar baƙa sau biyar, ya cinye kowa kafin sha biyun dare. Da zai tafi ya zura shunayya ɗaya a aljihu don tunawa da ranar. Mazubin kwandala ɗari yake ɗauka, layi biyar na ashirin-ashirin. Washegari maigida ya ƙirga ya ga 99, ya ɗage kujeru, ya kwance buhun injin shara, sannan ya fara kiran baƙin jiya ɗaya bayan ɗaya, yana soma kowace waya da tambayar ko sun isa gida lafiya.