Yadda Za Ka Koyi Dambe Ka Koma Gida Da Haƙoranka

Ƙanena, tunda ka rantse sai ka ɗaura zare, zauna mu yi magana. Ni ba zan hana ka ba, domin na sha ƙurar fage a ƙuruciyata, kuma har gobe in na ji kalangu sai tsikar jikina ta tashi. Burina kawai ka shiga da haƙora 32, ka fito da su cif.

Fara da ajiye fina-finan Chana a gefe. Can ne mutum ɗaya ke tashi sama ya watsa ƙarti goma, ya sauko ko hularsa ba ta karkace ba. A gidan dambe duk wanda ya tashi sama, wani ne ya ɗaga shi, kuma saukowar ba ta da daɗin kallo.

Sai ka nemi ubangida. Dambe ya taso ne a hannun mahauta, waɗanda kan bi gari-gari da kaka bayan an kawar da amfanin gona, suna fawa da rana, suna gwada ƙwanji da yamma. Tun wancan zamani babu mai shiga fage da ka, kowa da wanda ya rene shi. Ka saurari sunayen 'yan wasa za ka ji haka: Bahagon Sanin Kurna, Garkuwan Cindo, Autan Sikido, kowanne yana ɗauke da sunan babbansa duk inda ya je. Don haka kada ka kwana kana zaɓar wa kanka suna, ka wayi gari ka ce daga yau kai ne Aradu ko Girgizar Ƙasa. Idan Aradu ta faɗi a turmin farko, 'yan kallo za su raɗa mata wani sunan, kuma nasu shi ne mai bin mutum har gidan surukai. Ka riƙe wa ubangidanka jaka, ka ɗebo masa ruwa, ka kalli yadda yake naɗa hannu. Ta wurinsa za ka san ɓangarenka, ko Kudu, ko Arewa, ko Guramada, ka kuma san wanda ya kamata ka gaisar kafin ka zauna.

Horon kuwa babu wani sirri a cikinsa. Gudu ne bayan sallar asuba, da dukan buhun yashi da aka rataye a reshe, da jan tsohuwar tayar mota, da cin tuwo ba wasa. Makon farko za ka gane cewa akwai tsoka a wuraren da ba ka taɓa sanin Allah ya halitta maka ba, har ka riƙa neman wanda zai miƙo maka buta. Daure, yana wucewa.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Hannu biyu gare ka. Mai ƙarfin shi ne mashi, shi ake naɗewa da ƙyallen da ake kira kara a bi shi da zare har ya yi tauri. Ɗayan shi ne garkuwa, wanda kake miƙawa gaba, tafi a buɗe, saitin fuskar abokin karawarka. Duk sabon shiga mashi yake ƙauna. Da an gama ɗaure masa sai ya riƙa jujjuya shi yana kallo, yana neman wanda zai ɗauke shi hoto. Garkuwa kuwa ya mance da ita tana lilo a gefe, alhali ita ce abincinka. Da ita kake auna tazarar da ke tsakaninku, da ita kake rufe masa gani, da ita kake ture kansa ka ɓata masa lissafi. Tsohon da ya koya mana yakan sa mu tsaya, ƙafa ɗaya gaba, gwiwa a ɗan lanƙwashe, garkuwa a miƙe, shi kuma ya zauna a inuwa yana cin goro. Wanda duk hannunsa ya fara sauka, sai ya ji ɗan tsinke ya sauka a kunnensa. Kafaɗa takan yi zafi har ta daina jin komai, gumi ya shiga ido ba damar sharewa. Watanni muka yi a haka kafin ya yarda wani cikinmu ya kai naushi ɗaya, kuma na gode masa har yau. A fage na ga ƙarti masu damtse kamar taɓarya sun zube a gaban siririn yaro, don kawai sun sauke garkuwa na ƙiftawar ido.

Ka kuma sani mashi yana da nauyi, kuma in ka kai shi da dukkan ƙarfinka ka sami iska, shi zai ja ka. A dokar wasan, da hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa an yi kisa, ko da kuwa ba wanda ya taɓa ka. Babu abin da ya kai wannan ciwo: ka kashe kanka da kanka, abokin karawarka yana tsaye yana mamaki, magoya bayansa sun ɗauke shi sama. Kada kuma ka ƙura wa mashinsa ido ka manta da ƙafarsa, domin ita ma halal ce a dambe, kuma ba ta sallama.

Babban abokin gabanka a ranar farko yana zaune a gefen fage da kalangu a hammata. Makaɗi mutumin kirki ne, amma sana'arsa ita ce ya sa ka ji ka fi ƙarfinka. Zai kira sunan ubangidanka, ya kira garinku, ya tuno maka da kakanka wanda ko kai ba ka san ya yi dambe ba. Jininka zai tafasa, ƙafafunka su fara tafiya ba da izninka ba, sai ka farga kana tsakiyar fili kana kirari, ka miƙa hannu ga wani dogo da ya shekara goma yana kwantar da mutane. Muhammadu Bawa Ɗan'anace ya yi wa Shago da Ɗandunawa da Ado Ɗan Kware waƙoƙin da har yau ake saurare, amma ka tuna sai da suka yi aikin sannan waƙar ta zauna musu. Kai dai in kiɗa ya ɗebe ka, waiwaya ka dubi ubangidanka. Idan ya girgiza kai, koma ka zauna, ka ba makaɗi ɗan abin da ke aljihunka, ku rabu lafiya. Ƙin karɓar damben da ya fi ƙarfinka ba abin kunya ba ne a wurin waɗanda suka san wasan, manya ma suna duban abokin karawa su ce ba yau ba.

Yawanci turmi uku ake yi. In an kai ƙarshe ba kisa, alƙali ya raba ku, to ka ci riba, ka rungumi mutumin ku yi dariya. Daga nan za a kwance maka zare, ka ga hannunka ya koɗe, sawun igiya ya kwanta layi-layi a fata, yatsu sun ƙi miƙewa, ko kofin ruwa ba ka iya riƙewa sai an ba ka a baki. Wannan lokacin na fi so a dambe gaba ɗaya, domin a nan ne wanda ya so ya fasa maka kai ɗazu yake zuwa ya tambaye ka ya jiki.

Za a kawo maka layu da guraye da kambu, kowa yana rantsuwa nasa ne ke sa naushi ya bi iska. Ni dai shawarata, a cikin duk abin da za ka saya, ka fara da robar kare haƙora da ake sayarwa a shagunan kayan wasanni. Ana tsoma ta a ruwan zafi ta yi laushi, ka cije ta ta ɗauki siffar bakinka. Wasu za su yi maka dariya, ka lura da kyau, yawancin masu dariyar da giɓi suke yin ta.

Akwai abu biyu da ba na raha a kansu. Na farko ƙwaya. Wani zai matso ya ce ka haɗiyi tramadol ba za ka ji duka ba. Gaskiya ne ba za ka ji ba, amma dukan yana shiga, ƙashi yana tsagewa, ita kuma ƙwayar tana iya jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya, ta kuma kama shi ya kasa rabuwa da ita. Zafin da kake ji shi ne ke gaya maka ka tsaya. Na biyu kai. Idan ka sha naushi ka ji jiri, ko amai, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko barci mai nauyi, ko ka kasa tuna yadda aka yi ka faɗi, a kai ka asibiti a daren, kada a jira safiya. Jini yana iya taruwa a cikin ƙoƙon kai mutum yana tafiya da ƙafarsa yana hira, sai bayan sa'o'i ya zube. Ko likita ya sallame ka, ka huta sosai kafin ka sake ɗaura zare, komai yawan kuɗin da aka sa, ko da damben da za a ci mota ne. Ina roƙon masu gidajen dambe, daga Ado Bayero Square a Kano har gidan Ali Zuma da ke Dei-Dei a Abuja, su riƙa ajiye ma'aikacin lafiya a bakin fage kowace rana. Yaran nan 'ya'yan mutane ne, kuma su ne ke cika musu gida.

Kada ka bar sana'arka. Manyan da muka gada mahauta ne da manoma, dambe na yamma ne, safiya ta neman abinci ce. Ƙarfi yana da wa'adi, cefane kuwa kullum ne.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi duk waɗannan wuya. Kafin ka sayi ko taku ɗaya na zare, je ka durƙusa gaban mahaifiyarka ka gaya mata abin da kake shirin yi. Idan ta sa maka albarka, zo in kai ka wurin mutanen da za su koya maka tsayuwa. Idan ta ce a'a, an yi kisa a turmin farko, sai ka sayi tikiti ka zo mu zauna a benci mu yi kallo tare.