Guntu, Zakaran Gulbin Kaba

Ga ta nan, ga ta nanku.

Wata shekara da kaka, kowa ya yanke geronsa ya ɗaure dammuna, Gizo ya wayi gari a Gazawa ba shi da ko zangarniya ɗaya. Da damina bai riƙa fartanya ba. Ya gwada dillancin raguna, aka gane shi. Ya gwada awon hatsi, aka duba tiyarsa aka ga an buge mata gindi, aka kore shi daga rumfa. Sai ya je ya kwanta gindin gawo, bakin babbar hanyar da ta taso daga Maradi ta bi Cadawa da Agiye ta nufi Tasawa, yana ƙirga motoci.

Yana nan sai Tsattsewa ta sauka kan reshe tana haki, ta ƙetaro hamada za ta kudu.

Gizo ya ce, "Sannu da hanya, ƴar'uwa. Me kika gano mana a ƙasar Turawa?"

Ta ce, "Kawu, abin da na gano ba za ka yarda ba. A Ingila na yi sheƙa, rufin ɗakin wani mai kiwon karnuka. Can ana yi wa kare wanka, a taje masa gashi, a kai shi gasa, alƙali ya duba haƙoransa da tsayuwarsa da tafiyarsa. Babbar gasarsu sunanta Crufts. Wani mai tallar abincin karnuka, Charles Cruft, shi ya fara ta a 1891, yanzu a birnin Bamingham ake yin ta duk shekara, karnuka dubbai. Har karnukan Buzayenmu na Azawak, masu dogayen ƙafafun nan, an fara kai su Turai tun shekarun 1970, kuma a 2019 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta shigar da su sahun masu gasa. Karen da ya ci, ƴaƴansa sai mai kuɗi."

Da jin "sai mai kuɗi" Gizo ya tashi zaune.

Tsattsewa ta ce, "Amma fa da sharaɗi. Ƙungiyar da ke riƙe da abin a Ingila tun 1873 aka kafa ta, kuma komai a rubuce yake. Ba a kiran kare zakara sai ya karɓi takardar nasara sau uku, daga hannun alƙalai uku daban-daban. Mai saye yana iya bincikawa ya ga ranar, ya ga wurin, ya ga sunan alƙalin."

Gizo ya riƙe uku da uku a ka. Maganar rubutu kuwa ya bar wa Tsattsewa kayanta, ta tashi da shi.

To akwai wani jan kare a bayan kasuwa, ana ce masa Guntu saboda gajerun ƙafafunsa. Ba shi da gudu, zomo ko gurgu ne ya fi ƙarfinsa. Amma a kamun gafiya, daga Gazawa har Gangara babu kamarsa. Yakan kwana gindin rumbu bai motsa ba, gafiya na leƙowa ya cafke. Matsalar ita ce ba a yi wa mai kama gafiya kirari, ladansa ɗan ƙanzo da ruwan wanke tukunya.

Gizo ya same shi ya ce, "Ƙanena, ina aka haife ka?"

Guntu ya ce, "An ce ƙarƙashin amalanke, a zangon da Buzaye ke sauka in sun gangaro daga arewa. Uwata ta shiga ne gudun ruwan sama."

Gizo ya ce, "Madalla. Ɗan zangon Azawak ke nan. Daga yau sunanka Guguwa."

Ya rage masa abinci har haƙarƙarinsa suka fito, don ya ji an ce haka karnukan Buzaye suke. Ƙafafun ne dai ya rasa yadda zai yi da su. Sannan ya shirya gasa a Gulbin Kaba, cikin rairayin da ruwa ya bari, tsakanin goribobi, da tsakar rana lokacin da kowa ke inuwa. Abokan tsere biyu ya gayyato: Kunkuru da Hawainiya. Ranar farko matarsa Ƙoƙi ce alƙali. Rana ta biyu ɗansa. Rana ta uku ya nemo baƙo don kada a ce abin na gida ne, wato Jemage, wanda ke rataye kai ƙasa yana barci, aka tashe shi aka ce wa ya ci, ya ce wanda kuka ce. Guntu ya zo na ɗaya sau uku. Hawainiya kuwa, har aka gama tsere na uku ba ta ƙare na farko ba.

Saura jarumtaka. Ran kasuwa masu wasa da kura suka ratso gari da tasu kurar, an sa mata takunkumi, sarƙa a wuya, ƙato biyu na riƙe. Gizo ya ɗaure Guntu tamau a turke bakin hanya. Kura ta dube shi, ya dube ta, fitsari na bin ƙafarsa, amma igiya ta hana shi motsi. Daga nan Gizo ya je wurin baduku aka ɗinka masa layu uku na jar fata, ba komai ciki sai ƙaiƙayi, ya rataya wa Guntu, kowace laya nasara ɗaya.

Kasuwa ta gaba ya hau kan turmi yana shela da tsamin bakin nan nasa:

"Ga Guguwa ɗan zangon Azawak! Zakaran Gulbin Kaba, ci uku gaban alƙali uku! Ya yi ido huɗu da kura bai ja da baya ba! Mai neman mai gadi ya matso, gobe sai labari!"

Cikin masu saurare akwai Jar Akuya. Mijinta ya tafi da Layya, ya bar ta da tagwaye a gidan gona can gefen gari. Ita ƴar asali ce ta gaske, kakarta daga cibiyar kiwon awaki ta Maradi ta fito, wadda aka buɗe a 1963 don adana irinsu, inda ake rubuta uwa da uba da ranar haihuwa. Fatar danginta ce fatake suka riƙa ƙetarawa da ita hamada har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce, ko da yake wannan ba abin da akuya ke alfahari da shi ba ne. Ta taso a gidan da in an ce wane ɗan wane ne, to ɗansa ne. Saboda haka ba ta saba tambayar abin da ke bayan magana ba.

Duk da haka ta ja Guntu gefe ta ce, "Ɗana, gaskiya ne abin da yake faɗa?"

Guntu ya sunkuyar da kai. Tunda aka haife shi ba a taɓa taruwa ana kallonsa ba sai yau, kuma ya ji daɗin Guguwa a kunnensa. Ya ce, "Inna, kin dai ji da kunnenki."

Ta biya Gizo la'ada dami goma, ta tafi da mai gadinta.

A da, kowace rana sai ta ƙara ƙaya a shingenta, in dare ya yi nisa ta kwashe ƴaƴa ta shiga cikin gari ta kwana wurin ƴan'uwa. Yanzu da zakara a ƙofa, me za a yi da ƙaya? Shinge ya zube ba ta gyara ba. Kuma a yi wa Gizo adalci, ƙaryarsa ta yi aiki wata guda cur. Kirarin ya kai har kunnen Kurar daji, ta riƙa kewaye gidan daga nesa tana haɗiyar yawu. Guntu ya yi ƙiba, ya kashe gafiyoyin rumbun kaf, Akuya ba ta ma lura ba, don ba wannan ta saya ba.

Abin da Gizo bai lissafa ba shi ne, sarauta in ta yi arha kowa sai ya ɗauki tasa. Wata rana da almuru Kura ta je shan ruwa tabki ta tarar da Kunkuru ya tara kwaɗi yana ba su labari, ya ɗaura wani tsumma a wuya.

Ta ce, "Kai kuma wannan fa?"

Kunkuru ya ce, "Ranki ya daɗe, ba ki ji ba? Ni ne na biyu a tseren Gulbin Kaba. Sau uku. Guguwa kaɗai ya riga ni."

Kura ta daina shan ruwa. Ta ce, "Ku nawa kuka yi tseren?"

"Mu uku."

"Na ukun fa?"

"Hawainiya. Tana hanya."

An ce dariyar da Kura ta yi a wannan dare an ji ta har Agiye.

Ba ta jira wata ya faɗi ba. Ta tsallake inda shinge yake a da. Guntu ya yi haushi, kuma a faɗi gaskiya, wannan karon ba igiya amma bai gudu ba, ya kama ta a ƙafar baya irin kamun da ya iya. Sai dai kura ba gafiya ba ce. Ta wurgar da shi, ta cire masa kunne ɗaya, ta ɗauki Hasan ta bar Husaini, ta shige duhu. Da safe aka tarar da layu uku a fashe, ƙaiƙayi warwatse a tsakar gida.

Akuya ta kai ƙara wurin Sarkin Kasuwa, wani tsohon Raƙumi da ya gaji da ayari ya zauna. Aka kamo Gizo yana ɗora dammuna kan amalanke.

Gizo ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Yanka ya daɗe, a nuna mini kalma ɗaya ta ƙarya cikin abin da na faɗa, in an samu a yanka ni. A zango aka haife shi ko ba a zango ba? Ya ci uku ko bai ci ba? Alƙalai uku ne ko biyu? Ya ga kura, akwai shaidu, ya ja da baya?"

Aka kira Kunkuru ya ce an yi tsere. Aka kira Ƙoƙi ta ce ta yi alƙalanci. Jemage ya ce shi dai an tashe shi. Kasuwa ta yi tsit, don kowa ya ga maganar Gizo ta tsaya da ƙafafunta. Wasu ma har sun fara cewa ai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Raƙumi ya daɗe yana tuƙa. Can ya ce, "Na yi shekaru ina bin hanyar Abalak da Cintabaraden. Na ga karnukan Azawak suna kamo barewa da gudu. Ban taɓa jin Buzu ya tsaya yana yi wa nasa shela ba, yakan ce zo gobe da asuba ka gani. Gizo, da ka ce ci uku, me kake so Akuya ta ji?"

Gizo ya ce, "Abin da ta ji nata ne, ranka ya daɗe."

Raƙumi ya ce, "A'a, naka ne, kai ka gina shi. Ka auna kowace kalma don ta ji abin da babu, kuma kuɗin abin da babu ka karɓa. Ko kokowar ƙasa da aka fara a Tawa a 1975, ana girmama mai takobi ne don kowa ya san ƙartin da ya kayar, jiha takwas na kallo. Da za a ba ka fili kai da ɗan jinjiri, kai ma sai ka kayar. Nasarar da aka ɓoye wanda aka yi ta a kansa, ni a kasuwata ba ta da kuɗi."

Ya juya ga Guntu, wanda ke kwance an ɗaure masa kai da tsumma. "Kai kuma an tambaye ka. Baiwar Allah ta kira ka ɗanta ta tambaye ka."

Guntu ya ce, "Haka ne, Baba. Gafiya na iya kamawa, ita kaɗai. Da na faɗa, da ta gyara shingenta."

Raƙumi ya yanke hukunci. Gizo zai mayar da dami goma, ya ƙara goma, ya kuma sare ƙaya ya kewaye gidan Akuya da hannunsa. Guntu zai tsare mata rumbu shekara guda ba lada, da sunansa na yanka. Hankaka mai shela zai zagaya kasuwa uku a jere yana faɗin kirarin cikakke: na ɗaya cikin uku, na biyu Kunkuru, ta uku ba ta iso ba, alƙalai mata da ɗa da mai barci, kurar da takunkumi, karen a ɗaure. Kuma daga ranar, duk wanda zai ambaci nasara a kasuwar Gazawa, ta kare ce ko ta doki ko ta rago, sai ya faɗi ranar da wurin da abokan karawa da wanda ya yi alƙalanci, in ba haka ba ya sauko daga turmi.

Akuya ta karɓi hukunci ba ta ce komai ba. Dami ashirin ba su dawo mata da Hasan ba.

Guntu ya cika shekararsa. Shelar Hankaka, wadda aka yi don a kunyata shi, ita ta sa masu rumbuna suka san abin da ya iya, yanzu sai an yi layi kafin a same shi da kaka, da kunnensa ɗaya. Kunkuru har gobe bai cire tsummansa ba.

Gizo kuwa dami goma sha biyu ya biya, ya sare ƙayar rabin shinge, ya sulale da dare. Masu zuwa yamma sun ce sun gan shi a kasuwar Gidan Rumji da wani rago mai layu biyar a wuya, yana kan turmi. In hanya ta bi da ku can kuka ji yana shela, ku tambaye shi wa ya zo na biyu.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu.