Masu Taruwa Idan Iska Ta Shiga Birki

A Ribah, hedikwatar ƙaramar hukumar Danko/Wasagu a masarautar Zuru, babur ne ke kai dawa kasuwa, shi ke kai mara lafiya asibiti. Galibin baburan Boxer ne da Jincheng masu birkin waya, amma masu faifai a gaba, waɗanda ke aiki da man birki, su ma suna shigowa. Idan iska ta shiga tiyonsu, hannun birki sai ya yi laushi, a matsa har ƙarshe taya ba ta tsaya ba, domin mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Fitar da ita aikin mutum biyu ne, sai dai a rumfar bakanike ba a rasa mutum shida.

Na farko shi ne Sarkin Gaggawa, ɗan kabu-kabu da ya bar fasinja biyu da buhun masara a bakin titi. "Oga, ɗan taɓa min kawai, Zuru zan je in dawo." Ba ya sauka daga kan babur, ba ya kashe inji, kumfa na fita a tiyo yana cewa ai ya isa.

Sai Saki-da-Wuri, yaron shago. Aikinsa uku ne: matsa, riƙe, saki. Maigidansa na tsugune da sipana lamba 8, ya kwance ɗan notin da ke jikin birkin taya, mai ya tsarto da kumfa, ya ɗaure, sannan a saki. Yaron kuwa idonsa na kan mai awara. Da ya saki kafin a ɗaure, iskar da aka kora ta koma ciki, a sake sabon lale. Wani lokacin ya manta da ɗan kofin man da ke sama har ya ƙafe, ya zuƙi wata sabuwar iskar.

Akwai Malam Duk-Mai-Mai-Ne. A kan murfin kofin man birki an rubuta DOT 4, shi kuwa ya zo da ragowar baƙin mai a gorar ruwa. An gaya masa man inji na kumbura robobin ciki, ya ce dabarar masu shago ce. Ƙaninsa a wannan aƙida shi ne mai kwalbar da aka buɗe tun bara. Man birki na shan danshin iska: sabon DOT 4 sai zafi ya kai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa tun wajen 155, shi ya sa ake son a canza shi duk shekara biyu.

Farfesan Waya ba shi da babur. Ya kalli bidiyo, ya san BMW ne ya fara sa wa babur ABS, na'urar hana taya kullewa, a 1988, ya san Tarayyar Turai ta wajabta shi daga 2016 ga babura masu ƙarfi fiye da cc 125, Indiya ta biyo a 2019. Duk gaskiya ne. Matsalar ita ce ya dage sai an jona kwamfuta a Boxer ɗin da ko ɗigon man birki ba ya sha.

Wanda ke da ABS na ainihi shi ne Alhaji Mai Ƙaton Babur, wanda babur ɗinsa ɗan Beljiyam ne. Nan Farfesa ke da rana, domin iska kan maƙale a cikin akwatin na'urar, sai an sa famfonta ya yi aiki kafin ta fito. Bakanike ya ce a hau a taka birki da ƙarfi a kan tsakuwa, a dawo a maimaita. Alhaji ya ji hannun birki na karkarwa, wanda alama ce ta na'urar tana hana taya kullewa, ya dawo a fusace: "Malam, ka ɓata min babur, cire wannan abin!"

A ƙarshen benci Baba Mai Silifa ke zaune. Birkinsa ya mutu tun damina, da ƙafa yake tsayawa. Ya tambayi kuɗin aiki, ya tambayi kuɗin kwalba, ya yi lissafi, ya ga silifa ta fi araha. Ya sa aka ƙara masa iska a taya, ya tura babur ya hau.