Tiyon Magina a Salansar Jirgi

Ɗan ƙanwata ya dawo Sakkwato daga karatu a Malesiya da kwalin digiri, da kuma wani kwalin da ya fi shi girma nesa ba kusa ba. A ciki akwai ɗan jirgin sama da ake tuƙawa da rimot, faɗin fukafukansa ya kusa gaba guda. Ba na batir ba ne. Inji gare shi na gaske, bai wuce dunƙulen hannu ba, amma yana juya farfela fiye da sau 10,000 a minti. Fetur ma ba ya sha. Abincinsa methanol ne kashi 80 da man zurma kashi 20, yaron ke haɗawa da kansa.

Shi man zurman nan ba ya ƙonewa. Yakan shafe cikin injin, ya kwashi zafi, ya fito ta salansa ya fesa wa duk wanda tsautsayi ya tsayar kusa. Ranar da muka fara kai jirgin wajen fadamar Kwalkwalawa, ni tsautsayin ya tsayar, cikin farar shadda. Da na koma gida uwargida ta dube ni sama da ƙasa, ta tambaya ko wajen mai ƙosai na yini.

Yaron ya ce akwai wata 'yar robar silikon mai lanƙwasa, tsawon yatsa, da ake sa wa bakin salansar ta karkatar da hayaƙin ƙasa, amma sai an yi odarta daga waje. Oda kuma? A garin da masu walda ke yi wa janareto bututun hayaƙi har ya leƙa ta kan katanga? Na hau kabu-kabu zuwa Tsohuwar Kasuwa, na sayo siririn tiyon nan da magina ke awon lebur da shi, kamu biyu. Na cusa a bakin salansa, na ɗaure da waya, na bi da shi ta ƙarƙashin cikin jirgin da salatif har wutsiya.

"Kawu, wanga abu ya yi tsawo hwa," in ji yaron.

"Kai, yi man shiru. Uwarka na goye nike gyaran Vespa."

Ya yi shiru. Yaro ne mai tarbiyya, abin da ya cuce shi ke nan.

Irin wannan injin, sai ƙonannen hayaƙi ya fice sannan sabon mai da iska ke samun wurin shiga. Tiyo mai tsawo da ƙunci kuwa riƙe hayaƙin yake yi. Ga kuma wani siririn tiyo da ya taso daga salansar zuwa tanki, wanda matsin hayaƙi ke bi ya turo mai cikin kafireto. Matsin ya ƙaru, man ya yi yawa. A watan Afrilu ne kuma, zafi ya haura digiri 40, ita kanta iskar ba ta da nauyin kirki. Da aka tayar da shi, maimakon kukan nan mai tsini da ke tara yara, sai ya kama tari irin na tsohon da ya shaƙi taba gari.

Na ce a sake shi haka nan, zai washe a sama.

Ya yi ta gudu a ƙasa har na fara zaton Wamakko za shi da ƙafa. Da ƙyar ya ɗaga, ya tsallake kunnen wani jaki. Can zafin salansa ya narkar da bakin tiyon, robar ta manne, injin ya ce fut. Jirgin ya sunkuyar da kai ya nufi gonar albasa.

Kafin mu isa, mai gonar ya riga mu, fartanya a kafaɗa, mutane sun kewaye. A wannan zamani na rashin tsaro, abu ya faɗo maka daga sama ba wasa ba ne.

"Wa ad da wanga? Mi kuka leƙe?"

Yaron ya nuna ni. Tarbiyyar ta ƙare ke nan. Sai da na rantse babu kyamara, na kwance tiyon na ɗaga kowa ya gani, sannan aka shiga ƙirgar albasa. Ban taɓa sanin jirgi na iya kashe wadda ke can ƙarshen gona ba, amma ita ma na biya, haɗe da kuɗin farfela da fuffuke guda.

Robar silikon ɗin ta iso daga baya, gajera, mai faɗin baki daidai da na salansar. Ko ita sai da ta ɗan rage wa injin ƙarfi, sai da yaron ya sake saita allurar kafireto. Mai son kallo ya zo da sassafe kafin rana ta yi zafi, kuma ya tsaya ta hagun jirgin. Salansar a dama take.