Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babbar Kwamfutar Shagonmu

Zuwa ga Hajiya Babba, kwamfutar bakin taga, uwar firinta, ma'ajiyar takardun jama'a.

Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kin tashi lafiya, ko da yake na san lafiya ƙalau kika tashi, tunda da hannuna na kunna ki. Dalilin wannan 'yar takarda shi ne wulaƙancin da kika yi mini yau da safe a gaban wata ɗaliba da ta zo buga furojet ɗinta, malaminta na jiran ta ƙarfe tara.

Tun jiya da dare babu wuta, wannan kuwa ba a kanki aka fara ba. Da safe aka tada janareta, kowa ya farka. Mai taifin ta je buɗe foldar da muke ajiye aiki a cikinki, sai allonta ya nuna 0x80070035, wai ba a ga hanyar zuwa wurinki ba. Wace hanya kuma, Hajiya? Taku biyu ne tsakaninku. Rawuta ɗaya kuke sha, ƙura ɗaya kuke shaƙa.

Na durƙusa ƙarƙashin tebur da fararen kayana, na ga fitilar bakin kebul tana ƙiftawa lafiya. Na duba lambar adireshinki, ko kin koma 169.254 ɗin nan da kuke raɗa wa kanku idan rawuta ba ta ba ku lamba ba. A'a, 192.168 ce irin ta kowa. Sunan rukuni bai canza ba, WORKGROUP ne a kan dukkanku. Sai na gwada ping. Daga wurinki in an yi sallama, sauran kwamfutoci biyun su amsa nan take. Daga wurinsu in an yi miki sallama, shiru kamar an shuka dusa. Ashe kina jin kowa, amsawa ce ba za ki yi ba.

A nan asiri ya tonu. Kin riga rawuta farkawa, kika leƙa ba ki gane inda kike ba, maimakon ki ɗan jira sai kika yanke hukunci cewa wannan netwok na jama'a ne, irin na tashar jirgi ko otal. Kika ɓoye sunanki, kika sa katangar tsaronki ta rufe ƙofa ta 445, wadda ita ce fayil da aikin firinta ke bi, kika zauna kina hura iska.

Wurin jama'a! Shagon nan da na biya kuɗin hayarsa? Waye baƙon? Mai taifin da take goge miki allo da gefen mayafinta? Ko ni da na ci bashi na sa miki sabon ma'aji don ki riƙa tashi da sauri, ga shi saurin ne kika juyo da shi kaina? Ke fa ba saba ba ce. Tsarin da aka haɗa ku babu shugaba a cikinsa, kowace tana bayarwa tana karɓa, shi ya sa ban sayi wata babbar na'ura ta mulke ku ba. Firinta kawai aka jona miki saboda kin fi kusa da soket, shi ke nan kika ɗauka sarauta ce. Ƙa'idar Windows ɗin da ke kanki ta yarda kwamfuta 20 su shigo miki a lokaci guda. Biyu kacal na roƙa, kika ce taro ya yi yawa.

Ko faɗa ma ba ki yi ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da kin rubuta a allonki cewa kin kulle ƙofa, da minti ɗaya ya isa in shiga saiti in mayar da ke kan na gida. Sai kika bar 'yar'uwarki ta teburin mai taifin tana zuba mini lambobi, ɗaliba na duba agogo, kafinta da ya zo fotokwafin katin shaida yana ba ni shawara in kashe in kunna. Ƙarshe ta WhatsApp muka tura furojet ɗin. Takarda ta ci data, ta zaga duniya, don kawai ta tsallake tebur ɗaya. Filash kuwa ban yarda ba, na san cutar da ke mayar da folda gajeriyar hanya.

Sauran laifuffukan ba zan ja su ba. Kalmar sirrin da kike tambaya bayan na ce a daina tambaya. Izinin da sai an ba da shi a wuri biyu, na rabawa da na tsaron folda, in an manta ɗaya ki ce an hana shiga. Gabar da kike yi da tsohuwar nan mai Windows XP da ke riƙe da sikana, ita kam na ba ki gaskiya: SMB1 kaɗai take ji, ta nan WannaCry ta bi a watan Mayun 2017 ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, don haka ko yaron gyara ya ce in kunna miki shi ba zan kunna ba.

Ga hukunci. Daga gobe rawuta ce za a fara kunnawa, ke sai fitilunta sun daidaita. Zan ɗaure miki lamba guda wadda ba ta canzawa. In kika sake kiran shagona wurin jama'a, firinta ta koma teburin mai taifin, ke kuma 'yan gwangwan na wucewa ta layinmu kowace Asabar, da kilo suke saye.

Naki, mai biyan kuɗin mai.