Jarrabawar Barci

Da, matar mai minshari ce alƙalinsa. Yanzu likita ya haɗa Malam da na'urar CPAP, mai hura iska ta takunkumi don kada maƙogwaro ya rufe cikin barci. Minshari ya tafi, Hajiya ta huta.

Sai dai na'urar 'yar kai rahoto ce. Kafin Malam ya yi alwalar asuba, ta gama lissafi: awa nawa ya sa takunkumin, sau nawa numfashinsa ya tsaya ko ya ragu a kowace awa. Ƙasa da sau 5 a awa, an ci jarrabawa.

Jiya ya tashi garau, har da miƙa. Ya leƙa allo, ya ga 7. Nan take ya koma shimfiɗa, wai ashe a gajiye yake.